Kuɗin ƙungiyarmu na bana: tebura da fenti, ko cikin yaro da lafiyarsa?

Sakataren ƙungiya, Aboabo

Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyayena da yayyena da ƙannena. A zamanmu na ranar Lahadi bayan la'asar, magariba ta riske mu ba mu kai ga yanke shawara a kan kuɗin da aka tara bana ba, shi ya sa shugaba ya umarce ni in kawo maganar wannan zaure namu, domin waɗanda ba su halarta ba, musamman iyayenmu mata da 'yan'uwanmu mazauna ƙasashen waje, su tofa albarkacin bakinsu. Kamar yadda aka sani, shekara uku ke nan ƙungiyarmu tana tallafa wa makarantun gwamnati biyu da ke unguwarmu a garin Kumasi na ƙasar Ghana, kowacce tana da firamare da ƙaramar sakandare a harabar guda. A shekarar farko mun raba littattafan rubutu, a ta biyu mun gyara rufin aji biyu da ke yoyo. Bana shawara biyu ce a gabanmu. Ta farko ita ce a sa kafintoci su yi tebura masu cin mutum biyu, a kuma yi wa ginin gaba fenti. Ta biyu ita ce a kashe kuɗin a kan yaran su kansu, wato abin karyawa da safe, da sabunta katin inshorar lafiya, da gyaran makewayi. Kuɗin ba zai ɗauki duka biyun a cike ba. Ina roƙon kowa ya faɗi ra'ayinsa tare da dalilinsa.

Ma'ajin ƙungiya, ɗan kasuwa a Kejetia

Wa alaikumus salam. Ni ban ɓoye ra'ayina a zaman ba, kuma ba zan ɓoye shi a nan ba: tebura nake goyon baya. Ni ne nake bi rumfa rumfa ina karɓar gudummawa, kuma ni ne mutane suke tarewa a ƙofar masallaci suna tambaya ina kuɗinsu ya shiga. Idan na nuna wa mutum tebur, ya taɓa shi da hannunsa, magana ta ƙare, domin gani ya kori ji. Amma idan na ce masa an saya wa yara koko da ƙosai, washegari babu abin da zan nuna masa, kuma zargi yana da saurin shiga inda babu shaida. Ban da haka, na shiga ajin 'yan firamare huɗu na ga yara uku a matse a kan teburin mutum biyu, na ukun rabin jikinsa a waje yana rubutu a kan cinyarsa. Tebur mai kyau yakan yi shekaru ana amfani da shi, abinci kuwa na yini ɗaya ne.

Tsohuwar shugabar makaranta, Asawase

Alhaji, Allah ya saka maka da alheri a kan wahalar da kake sha, kuma maganarka ta amana abin dubawa ce, zan dawo kanta. Amma ka ba ni dama in faɗi abin da na gani a cikin shekarun da na yi ina riƙe da alli, kafin in riƙe ofis.

Shirin ciyar da 'yan makaranta da gwamnati ta fara a 2005 ya tsaya ne a kan 'yan rainon yara da 'yan firamare, daga aji ɗaya zuwa shida, kuma ko a nan ba kowace makaranta ce ke cikinsa ba. Yaron da ya shiga ƙaramar sakandare ya fita daga wannan tukunya ke nan, alhali a shekarun nan uku ne jikinsa yake girma da sauri, kuma a cikinsu ne yake shirin jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, wato BECE, wadda za ta yanke makarantar da za a tura shi. A harabar da ake haɗe da firamare abin ya fi ciwo, domin yarinya 'yar shekara goma sha uku tana zaune a aji tana jin ƙamshin abincin da ake zuba wa ƙannenta ta taga, ita kuwa tun asuba ba ta sa komai a bakinta ba. Da yawa daga cikin yaranmu sukan tashi su yi sallah, su ɗebo ruwa, wasu su raka iyayensu mata kai kaya bakin titi, sannan su taho makaranta da gudu. Daga ƙarfe goma sha ɗaya za ka ga kawuna sun fara kwanciya a kan tebur. Malamin da bai san gidajensu ba sai ya ce lalaci ne. Ni kuwa na sha kiran yaro ofis in tambaye shi a hankali abin da ya ci, sai ya sunkuyar da kai ya yi shiru, wannan shirun kuwa amsa ce cikakkiya. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Game da tebura, ba na musun ƙarancinsu. Sai dai tebura da gini nauyi ne da ke wuyan majalisar ƙaramar hukuma da ofishin ilimi, kuma mu da muke ƙarƙashin ƙaramar hukumar Asokore Mampong tun da aka cire ta daga hukumar birnin Kumasi a 2012 muna da ƙofar da za mu ƙwanƙwasa. Akwai kuma Asusun Raya Zango, wato unguwanni irin namu, da aka kafa da doka a 2017, wanda ilimi da gine-gine suna cikin abin da aka ɗora masa. Idan ƙungiya ta rubuta takarda, sarakunan unguwa da limamai suka sa hannu, ɗan majalisar unguwa ya bi sawu, tebura suna iya zuwa ko da an daɗe. Amma babu ofishin da za ka rubuta wa takarda ya aiko wa ɗan ƙaramar sakandare da karin kumallo.

Ma'ajin ƙungiya, ɗan kasuwa a Kejetia

Hajiya, na ji bayaninki kuma ban san cewa ciyarwar ba ta kai ƙaramar sakandare ba. Amma takardun da kike magana a kansu, mun san yadda suke kwana a ofisoshi. Shekara nawa yaran za su yi suna rubutu a kan cinya kafin a amsa mana?

Ma'aikaciyar jinya, Sawaba

Assalamu alaikum. Ina neman izinin iyayena in yi magana ta fuskar aikina, domin akwai abubuwa biyu masu araha da suke hana yara karatu, kuma ba a cika lura da su ba.

Na farko shi ne katin inshorar lafiya. Tun da aka kafa shirin inshorar lafiya na ƙasa da dokar 2003, yaron da bai kai shekara 18 ba ba ya biyan kuɗin inshorar kansa, ɗan kuɗin sabuntawa kawai ake biya, kuma yanzu ana iya sabuntawa ta waya da lambar *929# a cire kuɗin daga momo, wato asusun kuɗi na waya. Duk da wannan sauƙi, kullum ina karɓar yara da katinsu ya mutu tun bara, domin katin shekara ɗaya yake yi kuma ba a tuna da shi sai ciwo ya zo. Abin da ke biyo baya kuwa sananne ne: zazzaɓin cizon sauro ya kama yaro, uwa ta ji tsoron kuɗin asibiti, ta sayi ƙwayoyi a kanti, a yi kwana huɗu ana jira, sannan a kawo shi jikinsa ya yi laushi. Ciwon da zai hana shi makaranta kwana biyu sai ya hana shi mako biyu. Idan 'yan ƙungiya suka zauna yini ɗaya a kowace makaranta da wayoyinsu, iyaye suka kawo katunan, za a gama wannan aiki da kuɗi kaɗan.

Na biyu shi ne ido. Akwai yaran da ake ɗauka daƙiƙai ne alhali allo ne ba sa gani, kuma su kansu ba su san cewa sauran yara suna gani fiye da su ba. Inshora tana ɗaukar awon ido, amma ba ta sayen tabarau, a nan ne ƙungiya za ta shigo. Wannan ba sabon abu ba ne a aikin ƙungiyoyin taimako. Ƙungiyar Lions da aka kafa a Amurka a 1917 ta shahara a duniya ne da aikin ido, kuma tana da rassa a ƙasar nan. Muna da sashen koyar da awon ido a jami'ar KNUST a cikin garin nan, ba sai an je Accra ba. Kuma idan ana wannan zama, ya dace a tambayi iyaye ko akwai mai ciwon sikila a cikin yaran, domin malamin aji ya san wanda bai kamata a bar shi cikin rana ko a hana shi shan ruwa ba. A Kumasi aka fara gwajin sikila ga jarirai a ƙasar nan tun 1995, saboda haka iyaye da dama suna da sakamakon a gida, malamai ne kawai ba a gaya wa ba.

Uwa mai sayar da wake da shinkafa, Aboabo

Ina gaida kowa. Ni ba 'yar boko ba ce, 'yata ce take rubuta mini wannan, amma maganar tawa ce. Abin da nake so maza su sani shi ne, makewayin ɗaya daga cikin makarantun nan ba shi da ƙofa mai rufuwa kuma ba ruwa. Yarinyar da ta fara al'ada ba za ta shiga irin wannan wuri ba, gara ta zauna a gida kwana uku ko huɗu kowane wata, kuma ba za ta gaya wa mahaifinta dalili ba, sai ta ce kanta ke ciwo. Na ji gwamnati ta fara raba audugar mata kyauta ga 'yan makaranta a 2025, mun gode, amma ko an ba yarinya audugar, ina za ta shiga ta canza? Ƙofa da sakata da randar ruwa da sabulu ba su kai kuɗin fentin gini ba. Idan kuma an yarda da maganar karin kumallo, mu matan da muke dafa abinci a unguwa za mu iya karɓar aikin bi da bi a kan farashin da muka sayo kaya, ba tare da riba ba.

Ɗan ƙungiya mazaunin Hamburg, Jamus

Salam ga kowa. Mu da muke nesa muna aiko da abin da ya sawwaƙa, kuma gaskiya abin da yake ƙarfafa mana gwiwa shi ne hoto. Idan na nuna wa abokan aikina hoton yara suna karɓar kaya, wasu sukan ƙara nasu a kai. Ba ni da ja a kan abinci ko inshora, amma ina ba da shawara a riƙa ɗaukar hoton yaran da suka amfana tare da sunayensu, a sa a Facebook da WhatsApp, domin masu bayarwa su natsu kuma Alhaji ya samu shaidar da yake nema.

Malamin makarantar Islamiyya, Akwatia Line

Ɗan'uwana na Jamus, Allah ya karɓi abin da kuke aikowa, kuma niyyarka mai kyau ce, amma a wannan gaɓa ba na tare da kai. Aya ta 271 a Suratul Baƙara ta halatta bayyana sadaka, sannan ta nuna cewa ɓoye ta a kai wa matalauta shi ya fi alheri, kuma aya ta 264 ta yi kashedi a kan ɓata sadaka da gori da cutarwa. Malamai sun yi bayani cewa ana bayyanawa ne domin wasu su yi koyi, ba domin a fallasa mai karɓa ba. Zango wuri ne da kowa ya san gidan kowa. Ranar da hoton yaro ya fita yana riƙe da kofin koko na sadaka, a ranar za a san cewa mahaifinsa ya gaza, kuma abokansa za su laƙaba masa suna da zai bi shi har ya girma. Na san uba da ya cire ɗansa daga wani tallafi saboda irin wannan, ya zaɓi yunwa a kan tozarta, kuma ban ga laifinsa ba. A ɗauki hoton tukunya, a ɗauki hoton rasit, a ɗauki hoton ƙofar makewayi da aka gyara, amma a bar fuskar yaro.

Ina kuma so a tuna cewa yaranmu makaranta biyu suke yi. Yaron da ya tashi daga boko da rana yana zuwa wurinmu da yamma ko Asabar da Lahadi, kuma makarantun da ke ƙarƙashin Sashen Ilimin Musulunci da aka kafa a 1987 suna haɗa karatun biyu a yini guda. Gajiyar da malamin boko yake gani da hantsi, mu muna ganin ninkinta da la'asar. Saboda haka duk abin da aka yi domin cikin yaro, karatun Alƙur'ani ma zai amfana.

Ɗalibar jami'a, tsohuwar ɗalibar ɗaya daga cikin makarantun

Ina gaida iyayena. Ban yi niyyar magana a gaban manya ba, amma abin da Malam ya faɗa ya taɓa ni, domin ni ce irin yarinyar da ake magana a kanta. A shekarata ta ƙarshe a ƙaramar sakandare mahaifina ya kwanta ciwo, kuma wata malama ce ta lura, ta riƙa aikena sayo mata koko kullum da safe, sannan ta ce ta ƙoshi in shanye. Sai da na girma na gane cewa ba ta taɓa niyyar sha ba. Da a gaban aji aka kira sunana aka ba ni, na rantse da ba zan karɓa ba. Shawarata ita ce, idan za a yi karin kumallo, a yi wa ajin gaba ɗaya, kada a ware matalauta. Idan kuɗi bai kai duka azuzuwa ba, a fara da 'yan aji uku masu shirin BECE. Tun da aka fara babbar sakandare kyauta a Satumbar 2017, kuɗin makaranta ba shi ne babban shinge ba, sakamakon jarrabawa ne yake raba wanda zai samu makarantar da ya zaɓa da wanda za a tura inda bai so ba. Mu ɗaliban jami'a 'yan unguwa za mu iya zuwa ranar Asabar da safe mu yi musu bitar lissafi da kimiyya ba tare da an biya mu ba, in dai an daidaita lokacin da malaman Islamiyya.

Tsohuwar shugabar makaranta, Asawase

'Yata, Allah ya yi miki albarka, shawararki ta ciyar da aji gaba ɗaya ita ce daidai. Na yi alkawarin dawowa kan maganar Alhaji ta amana. Shaida ba sai tebur ba. Kowace makaranta tana da rajistar kiran suna da ake cikawa kullum. A nemi izinin shugabannin makarantun a rubuta adadin masu zuwa aji uku a zangon da ya wuce, ba tare da sunaye ba, sannan a kwatanta da na zangon da za a yi ciyarwa. A buɗe littafi guda, kowace rana mai dafawa da malamin aji su sa hannu a kan adadin kofuna, a karanta shi a zaman wata. Ina kuma gargaɗin kada mu shiga makaranta kai tsaye kamar gidanmu. A fara da shugaban makaranta da kwamitin gudanarwa da ƙungiyar iyaye da malamai, a sanar da ofishin ilimi a rubuce, a kuma haɗa da malamin da ke kula da shirin lafiyar makaranta, domin abinci abu ne da idan ya ɓata cikin yaro ɗaya, sunan ƙungiya ya ɓaci ke nan. Masu dafawa su yi gwajin lafiya na masu sayar da abinci su karɓi takardarsu. Abu na ƙarshe, kada a fara abin da ba za a iya kai shi ƙarshen shekara ba, domin yaron da ya saba samu, iyayensa sukan daina ba shi ɗan kuɗin da suke ba shi, ranar da aka tsaya kuwa sai ya fi da shiga wahala.

Ma'ajin ƙungiya, ɗan kasuwa a Kejetia

Maganar ƙarshe ta Hajiya ita ce ainihin tsorona, kuma tun da ita ta faɗe ta da bakinta, hankalina ya ɗan kwanta. Na yi lissafi a daren jiya. Idan aji uku kawai za a ciyar a makarantun biyu, kwana uku a mako, kuma mata suka dafa ba riba kamar yadda aka yi alkawari, kuɗin zai kai har lokacin jarrabawa, ya kuma ɗauki ƙofofin makewayi da randuna da sabunta katunan. Tabarau sai an ga yawan masu buƙata. Amma ban janye maganar tebura ba. Akwai karyayyun tebura jibge a bayan ɗaya daga cikin azuzuwan, da yawansu ƙusa da katako ɗaya kawai suke nema. Ina da kafinta da nake hulɗa da shi, zan biya shi daga aljihuna ya gyara waɗanda za su gyaru, ba daga asusun ƙungiya ba. Fenti kuwa na haƙura da shi bana.

Ɗan ƙungiya mazaunin Hamburg, Jamus

Malam, na karɓi gyara, ban yi tunanin gidan da yaron zai koma ba. A aiko mana da hoton littafin da rasit a ƙarshen kowane wata, ya ishe mu. Kuɗin tabarau na yara biyar na farko yana wuyana.

Sakataren ƙungiya, Aboabo

Na gode wa kowa. Na tattara abin da aka faɗa zan miƙa wa shugaba, kuma a zaman Lahadi mai zuwa za a kaɗa ƙuri'a, domin wannan zaure ba shi da hurumin yanke hukunci a kan kuɗi. Kafin nan, Hajiya ta amince za ta rubuta takarda biyu, ɗaya zuwa ofishin ilimi game da ciyarwar, ɗaya zuwa majalisar ƙaramar hukuma game da tebura, ni kuma zan zagaya da ta biyun wurin sarakuna da limamai bayan sallar Juma'a. Akwai tambaya ɗaya da ba a amsa ba, kuma ina so a zo da amsarta: watan azumi yana faɗowa a cikin shekarar karatu, yawancin 'yan aji uku kuma suna azumi, shin a dakatar da ciyarwar a watan a ajiye kuɗin, ko a mayar da ita abin buɗa baki da yaro zai tafi da shi gida? Malam da uwarmu mai wake da shinkafa, ina roƙon ku tattauna wannan tsakaninku kafin Lahadi.